Balbela, Alhamis, La'asar

Littafin mai bango shuɗi ne, irin wanda ake ba mu don lissafi, amma ban taɓa yin lissafi ko ɗaya a cikinsa ba. Tsuntsaye nake rubutawa. Na fara shi ne a shekarar da na shiga sakandare, shekarar da aka ɗinka mana riga da wando da yadi mai dabbare-dabbare irin na soja, aka ce mu ma dakaru ne. Shekara biyu ke nan da abin ya faru, yanzu ina ajin ƙarshe.

Gidanmu a unguwar Alsawra yake, a Umdurman. Ɗaki biyu ne da tsakar gida da darbejiya guda ɗaya. Baba agashe yake sayarwa a Suk al-Arabi, tsiren nan namu da mutanen Khartum suke layi a kansa da yamma, su ci su lashe yatsu, su kuma kira mai gasawar Fallata, sunan da suke kiran duk Bahaushe da shi, ba tare da sun tambayi sunansa ba. A gida yake yanka naman ya shafa masa ƙuli da yaji kafin ya tafi. Saboda haka kullum akwai shirwa a saman gidanmu. Uku ne, kuma na san su. Ɗaya tana da giɓi a fiffiken hagu, ita ce mara kunyar cikinsu, ta taɓa ɗauke tsoka daga kan faranti Baba yana riƙe da wuƙa.

Kaka, mahaifiyar Baba, ita ta koya mini sunayen. Sunanta aka sa mini, shi ya sa take ce mini takwara. A gonakin Jazira ta girma, tana tsinkar auduga tana korar jan-baki daga dawar mutane, kuma babu abin da zai gifta ta sama ba ta faɗi sunansa ba. Kurciya, hasbiya, gwara, tsattsewa, alhudahuda. Da Hausa ta san su, ni ma da Hausa na karɓa. To ni makarantar gwamnati na yi, harufan Larabci kaɗai na iya, sai na riƙa rubuta Hausar da su yadda ta zo mini, ba wasali ba komai. Na so in riƙa zana su a gefe, Kaka ta hana.

"Ki zana abu mai rai, ranar gobe a ce ki busa masa numfashi? Rubuta sunansa ya ishe ki, takwara."

Da ta bar ni na zana ko da ƙafa ɗaya ce, da duk abin nan bai faru ba. Ban taɓa gaya mata haka ba.

Wadda na fi so ita ce balbela. Ba ta sauka a gidanmu, wucewa take yi. Bayan la'asar, idan rana ta yi sanyi, sai su taso daga yamma inda ake tara shanu, farare fat, su bi ta kan unguwarmu su nufi kogi. Ba sa kuka, ba sa hanzari. Ina tsayawa a jikin randa in ƙirga su, in rubuta rana da lokaci da yawansu da inda suka fito.

Akwai wani abu kuma da nake rubutawa, a shafukan baya. Yayin da Baba yake soka nama a tsinke, yakan kunna ƙaramin rediyonsa ya kamo tashar waje mai magana da Hausa, ya rage murya har sai ka matso. Rediyon Umdurman kullum nasara yake faɗi, da waƙoƙin yaƙi. Wannan kuwa yakan faɗi abin da yake faruwa a kudu, da samarin da ake saukewa daga mota a kai su sansani, da waɗanda aka tafi da su ba a sake jin labarinsu ba. Abin yana ba ni mamaki, a ce labarin garin da kake zaune sai ya je wata ƙasa ya juyo da harshen kakarka kafin ka ji shi. Maƙwabtanmu Larabawa sukan zo wurin Baba su tambaye shi a hankali, "Hajji, me naku ya ce yau?" Ni ba na tambaya. Ina jin abin, in je in rubuta layi ɗaya ko biyu, wani lokaci a haɗe da na tsuntsaye, don duk abin da na gani ko na ji a tsakar gidan nan wuri ɗaya nake zuba shi. Baba bai sani ba.

A makon da abin ya faru, ɗaliban jami'a sun fita titi a Khartum saboda tsadar burodi. Baba ya dawo da wuri kwana biyu a jere idanunsa jajur, da naman da bai sayar ba. A rediyon gwamnati kalma ɗaya ake ta maimaitawa, balbala. Da Larabci tana nufin rikici da tada hankalin jama'a. Masu balbala, 'yan balbala, za a murƙushe balbala. Na ji ta sau da yawa, kuma wallahi ko sau ɗaya ban haɗa ta da tsuntsuwata ba. Wannan a bakin mai labarai take, waccan a sama.

Ranar Asabar da safe, a tabur, wato layin da muke yi a filin makaranta kafin shiga aji, aka ce kowa ta ajiye jakarta a gabanta ta buɗe. Takardun zanga-zanga ake nema. Mudira, shugabar makarantar, da kanta ta bi layinmu. Ta ɗaga littafina, ta buɗe tsakiya, ta tsaya. Sai ta karanta da ƙarfi, tana tsallake ƙananan kalmomin Hausa da ba ta gane ba, tana ɗaukar waɗanda ta gane:

"Balbala. Alhamis. La'asar. Arba'in. Dar Salam. Alsawra."

Abin da na rubuta shi ne: balbela, ranar Alhamis bayan la'asar, guda arba'in, daga wajen Dar Salam zuwa Alsawra. Amma ranakunmu na Larabci ne, lokutan sallarmu na Larabci ne, arba'in ma haka. Kuma idan ba a sa wasali ba, balbela da balbala harufansu ɗaya ne, ba bambanci ko na ƙwayar gero. Ta juya shafi. Balbala, Litinin, talatin da biyu. Ta sake juyawa. Balbala, Laraba, sittin.

"Ke ce magatakardarsu?" in ji ta.

Ni ko a aji aka kira sunana sai na ji kamar an ɗaure mini harshe, balle a gaban 'yan mata ɗari-ɗari. Ta miƙa littafin ga malamar ajinmu ta ce ta ajiye shi, gobe in zo da ubana, kuma in sani cewa ƙafata ɗaya tana waje.

Dole in faɗi wace ce malamar ajinmu. Ustaza muke ce mata kamar sauran, ita take koya mana kimiyya. Doguwa ce, tana naɗa farin tob, wato laffaya, irin na ma'aikata, kullum a goge, Larabcinta kuma ya fi na mudira tsabta. A makaranta an san ta a matsayin 'yar wani gari na arewa a bakin kogi. Ni kuwa na san wani abu. Wata uku kafin nan, Kaka ta ja ni bikin suna a Dar Salam, can bayan gari inda gidajen laka suke. A ɗakin tsofaffi na ga wata mata ta durƙusa har ƙasa a gaban wata dattijuwa tana cewa, "Ina wuni, Inna, ya ƙafar?" Da ta ɗago, Ustaza ce. Ta gan ni, na gan ta. Ta ja mayafi ta juya fuska wajen bango. A hanyar dawowa Kaka ta ce mini ai uwarta tare suka yi tsinkar auduga, in na so ma gwaggo zan ce mata. Ban gaya wa kowa a makaranta ba. Ita ma ba ta taɓa nuna ta san na sani ba, sai dai daga ranar ta daina kallon layin da nake zama.

Da na koma gida na faɗa, Kaka ta yi dariya har da tari.

"Balbela? Balbelar da take bin gindin saniya? Ita ce za ta kayar da gwamnati?"

Baba bai yi dariya ba. Ya ajiye tsinken da ke hannunsa ya ce, "Tsuntsaye ne kawai a ciki, uwata?"

Na ce e. Ƙarya na yi masa, kuma na kwana da ita. Shafi uku ne a baya cike da maganar rediyonsa.

Washegari ya sa farar jallabiyarsa ta Juma'a muka tafi. A ofishin mudira akwai wani mutum da ban taɓa gani ba, da rigar safari mai ruwan toka, yana zaune a kujerar mudira, ita kuma tana gefe. Ba a faɗi sunansa ba, ba a faɗi daga ina yake ba. Ustaza tana tsaye a jikin taga. Akwai kujera biyu babu kowa a kai, ba wanda ya ce wa Baba ya zauna. Na ga mudira ta ɗan shaƙi iska, ta dubi jallabiyarsa, ta ce wa Ustaza ta ƙara buɗe tagar. Hayaƙin agashe ba ya fita daga tufa ko an wanke.

Littafina yana kan tebur. Kallo ɗaya na yi masa na ga ya rage kauri, kuma ƙusar tsakiya ta ɗan ɗaga. Mutumin ya juya shi ya buɗe ta baya, sai na ga bango kawai da farin shafi. Shafuka ukun babu su. A raina na ce shi ke nan, ya riga ya cire su, suna cikin aljihunsa, wasa yake yi da mu kafin ya fito da su.

Da Larabci aka yi maganar duka.

"Hajji, a ina aka haife ka?"

"A Jazira."

"Ubanka fa?"

"Shi ma a Jazira ya rasu."

"Ban tambaye ka inda ya rasu ba." Ya ɗaga littafin da yatsa biyu. "'Yarka tana rubuta ranakun balbala da yawan mutanen da za su fito. Wa yake ba ta?"

Baba ya ce, "Ranka ya daɗe, tsuntsu ne. Farin nan mai bin shanu, wanda kuke ce wa tsuntsun shanu. Mu balbela muke ce masa."

"Balbala."

"Balbela."

"Abin da na ce ke nan."

Baba ya yi ƙoƙarin murmushi. "In ka yarda, ka zo gidana ranar Alhamis bayan la'asar, ka tsaya a tsakar gida ka ɗaga kai. Za ka gan su da idonka."

Mutumin ya dubi mudira ya yi dariya. "Kin ji? Har gayyatata yake yi. Alhamis, la'asar." Mudira ma ta yi dariya, irin wadda ake yi don wani ya yi.

Sai ya ce shi ba ya jin rutana. Haka suke kiran duk harshen da ba Larabci ba, kamar ba magana ba ce, surutu ne. Ya ce uba dole ya kare 'yarsa, don haka maganar Baba ba shaida ba ce. Mudira ta juya wajen taga.

"Ustaza, ke ce ta kimiyya. Akwai tsuntsu mai wannan suna?"

Na ɗaga kai na dube ta, karo na farko tun da muka shiga. Kalma ɗaya ake nema. In ta ce e, mu tafi gida. Matar da uwarta ta yi tsinkar auduga balbela tana bin ta a baya.

Ta ce, "A littattafan da na karanta, babu."

"Rutanar fa, ko kina tsintar wani abu a ciki?"

"Ban san rutana ba."

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. A hankali ya fito, amma ɗakin shiru yake, kowa ya ji. Da Hausa na ce, "Gwaggo."

Hannunta ya tashi ya gyara tob ɗin a kafaɗa, inda babu abin da ya zame. Ba ta dube ni ba. Baba ya dube ni, ya dube ta, na ga ya gane, sai ya mayar da idonsa ƙasa.

Mutumin ya ce, "Me ta ce?"

Ustaza ta ce, "Ban ji ba."

Na jira ya fito da shafukan. Bai fito da su ba. Ya yi hamma, ya duba agogo, ya ce shi yana da manyan ayyuka, amma ba zai bar ƙaramar wuta ba. Zaɓi biyu ne. Ko a kore ni yau a rubuta dalili a takardata, yadda ba wata makarantar gwamnati da za ta karɓe ni. Ko kuma Baba ya sa hannu cewa 'yarsa ba za ta sake shigo da rutana makaranta ba, a rubuce ko a baki, ni kuma gobe in tsaya a tabur in tuba daga balbala a gaban kowa.

Baba ya juyo gare ni. Da Hausa ya yi maganar, a gabansu, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Uwata, ni ban yi karatun nan ba. Ke za ki yi."

Ya karɓi biro ya sa hannu a tsaye, ya sunkuya a kan tebur kamar mai ruku'u, ga kujera nan a bayansa. Mutumin ya jefa littafina cikin jakarsa. Wata bakwai na tsuntsaye. Ranar da alhudahuda ya sauka a bakin randa, ranar da kurciya ta fasa ƙwai a reshen darbejiya na uku, duk suna ciki. Ban san abin da ya yi da su ba. Wataƙila suna cikin wani fayil har yanzu, an rubuta sunana a kai.

A mota, da muka kusa sauka, Baba ya juyo gare ni. Ya ce, "Kada ki ƙara kiran matar nan haka. Ita ma abinci take nema." Wannan ya ƙara mini haushi fiye da komai. Shi aka bari a tsaye, shi aka buɗe wa taga, shi ne kuma yake nema mata uzuri.

Ranar Litinin, bayan an gama kirarin safe da kabbarori, aka kira ni gaban lasifika. Ƙarfen yana warin tsatsa da yawun mutane. Mudira ta ba ni takarda, na karanta abin da ta rubuta: na yi nadamar balbala, na tuba daga balbala, ba zan sake kusantar balbala ba. Sau uku kalmar ta zo. Na yi niyyar in faɗe ta yadda suke so. Amma da na zo kanta sai bakina ya faɗe ta yadda Kaka ta koya mini, balbela, duka ukun, kuma ba wanda ya lura. Wato a gaban makaranta guda na tsaya na rantse cewa na rabu da farar tsuntsuwa mai bin shanu. Malamai suna jere a gefe cikin fararen tob, su goma sha ɗaya, na ƙirga su don kada in yi kuka. Ɗaya ce kawai a cikinsu ta san abin da na faɗa, kuma tana kallon takalminta.

Aka bar ni a makaranta. 'Yan ajinmu suka sa mini suna Balbala, har yau wasu da shi suke kirana. Na daina rubutu a tsakar gida. Ina tsayawa a jikin randa in ƙirga, in bar lissafin a kaina. Kullum kuma ina jiran a buga ƙofa a zo a tafi da Baba saboda shafuka ukun nan.

Bayan kwana goma Ustaza ta raba mana littattafan kimiyya da ta duba. Ba ta miƙo mini nawa ba, ta ajiye shi a bakin tebur ta wuce. Da na buɗe a gida, sai ga takardu a ninke huɗu a tsakiya. Shafukana ne, duka ukun, an yage su a hankali daga jikin ƙusa. Ashe ba su taɓa isa hannun mai safari ba. Tun ranar Asabar da aka ba ta ajiyar littafin ta karanta shi, har baya, ta cire abin da zai kai Baba inda ba a dawowa da wuri.

Ba ta rubuta mini ko kalma ba. Abu ɗaya kawai ta yi. A shafi na biyu, ƙarƙashin labarin samarin da aka sauke daga mota, na rubuta cewa yau balbela ba ta wuce ba. A ƙarƙashin harafi na uku na kalmar, ta sa ɗigo ɗaya babba da jan biron da take duba mana aiki.

Na rufe sauran shafin da hannu na nuna wa Baba kalmar kaɗai. Ya kai ta kusa da ido.

"Wa ya koya miki wannan? Ai rubutun mutanenmu ne. Irinsa ne a Alƙur'anin kakanki na rubutun hannu, ja ne ma a can. Shi yake karya wasalin. In babu shi balbala ce, in akwai shi balbela."

Na shiga madafa na cusa shafukan a murhu ƙarƙashin tukunyar Kaka, na tsaya har suka zama toka.

Na san abin da ake so in ji. Ana so in ce ta cece mu, kuma gaskiya ne, ta ceci Baba. Na kuma yi tunanin cewa da ta yarda tana jin Hausa, da an sa ta karanta littafin duka, an tambaye ta inda shafukan baya suka tafi, an kuma tambaye ta a ina aka haifi ubanta. Duk na san wannan. Amma ta san ɗigon. Tana tsaye a jikin taga da jan biron a jakarta, ta san cewa tsakanina da kora ɗigo ɗaya ne, ta bar ubana ya sunkuya, ta bar ni na hau lasifika. Sannan ta zo ta gyara mini rubutu a ɓoye, kamar kuskuren nawa ne. Ina jin haushinta, ina jin haushin mai safari da mudira, ina jin haushin garin da ya sa mace mai ilimi kamar ta take tsoron a ji ta gaida uwarta. Wani lokaci har Kaka nake jin haushi, da hana ni zane.

Har yanzu ita take koya mana kimiyya. Bana da muka zo babin tsuntsaye ta zana balbela a allo, da kyau ƙwarai, har da 'yar rawayar da take fito mata a ka lokacin damina. Ta rubuta sunanta na Larabci a ƙasa, ta juyo ta tambayi aji ko akwai wadda ta san wani sunan da ake kiranta da shi. Idonta ya zo layinmu, karo na farko cikin shekara biyu, ya tsaya a kaina.

Baba ya sa hannu cewa ba zan shigo da rutana makaranta ba. Na dube ta har sai da ta kawar da kai, na ce da Larabci, "A littattafan da na karanta, babu."